Wai da gaske akwai jirgin ƙasa daga Zariya kai tsaye zuwa Jos a da?

Ɗan Sabongari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah dattawa da masana tarihi ku raba mana gardama. Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokin aikina, shi ya dage wai a da akwai jirgin ƙasa da yake tashi daga Zariya ya miƙe Jos ba tare da ya bi ta Kaduna da Kafanchan ba, wai kakansa ya sha hawa. Ni kuma iya sanina in za ka Jos a jirgi dole sai ka gangara Kafanchan tukun. To in gaskiya ne ina dogon ya shiga, don ban taɓa ganin ko alamarsa ba. Sannan waɗanda suka ga zamanin jirgin kwal ku ɗan gutsura mana labari mana, mu ko na dizal ɗin ma a ƙarshe-ƙarshensa muka tarar.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Yaro abokinka ya fi ka gaskiya. An yi wannan layin, Turawa suna ce masa Bauchi Light Railway, duk da dai bai taɓa zuwa garin Bauchi ba, a lokacin tsaunukan Jos ɗin ne suke cikin lardin Bauchi. Kuza ce ta sa aka yi shi. Kafin nan a ka ake ɗauko kuza daga Jos, 'yan dako su yi ta tafiya a ƙasa kwana da kwanaki, shi ne aka ja dogo daga Zariya ya kai Rahama a 1912, sannan ya hau tudu ya isa Jos da Bukuru a 1914.

Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, shi kuwa babban layi ƙafa 3 ne da inci 6, saboda haka tarago ɗin wannan ba ya hawa kan wancan, duk kayan da ya zo Zariya sai lebura sun sauke sun sake lodawa a babban jirgi. Abin da ya karya shi kuwa, a 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, kwal yana zuwa kai tsaye daga Inugu kuza tana tafiya kai tsaye bakin teku, to wa zai tsaya wahalar sauke-lodi a Zariya? Haka ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan. In ka je gidan adana kayan tarihi na Jos akwai kawunan jirgin a ajiye, je ka gani da idonka.

'Yar Loko:
Kai Malam Allah ya saka da alheri, yau kun tuna min da babanmu Allah ya jiƙansa. Shi ba a ƙaramin ya yi aiki ba, a babban layi yake, shi ne mai zuba kwal a wuta, kuma a kwatas ɗin reluwe muka tashi nan Zariya. Ɗana kai da kake tambayar jirgin kwal, wallahi ba aikin rago ba ne. Mutum yana tsaye da shebur tun daga Zariya har Minna yana ɗibar kwal yana watsawa cikin wuta, kuma ba watsawa kawai ba, sai ka san inda za ka jefa don wutar ta ci daidai ko'ina, in ta yi sanyi gefe ɗaya tururi ya ragu jirgi ya kasa hawan tudu direba kuma kai zai huce a kanka. Ga ido a kan gilashin ruwa kullum, don in ruwan tukunya ya yi ƙasa da yawa ana iya samun babbar masifa. In ya dawo gida haƙora da ido kawai kake gani, innarmu sai ta dafa ruwa da sabulu ta jiƙa kakin ya kwana kafin ya wanku.

Shi ya sa za ka ga tsofaffin tashoshi da dogon tankin ruwa a gefen dogo, jirgin kwal shan ruwa gare shi ba kaɗan ba, sai ya tsaya an saka masa ƙaton tiyo ta sama. A loko kuma, wato inda ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, akwai wani faifan ƙarfe da ake hawar da kan jirgi a juya shi ya fuskanci inda ya fito, mu yara sai mu laɓe muna kallo har a kore mu. Muna bin gefen dogo da gwangwani muna tsintar guntayen kwal da suka zubo, an hana amma wa ya ji. Kuma duk wanda ya hau ya leƙa ta taga sai ya sauka da jan ido, in da farar riga ya shiga to sai dai haƙuri, tartsatsi ma yana hudata.

Wani abu da yaran yanzu ba su sani ba, layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa. To direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ƙarfe a hannu, shi ne shaidar cewa hanya tasa ce har tasha ta gaba, can ya miƙa a ba shi wani. Shi ya sa za ku zauna a wata 'yar tasha cikin daji ku yi ta jira sai wanda ke tahowa ya wuce, masu tallan dafaffen ƙwai da rake su yi ta ciniki ta taga.

Bakanon Fagge:
Hajiya kin gama magana, Allah ya jiƙan Baba. Ni ɓangaren kaya na sani don kawuna a wajen awon gyaɗa ya yi rayuwarsa. Jirgi ya iso Kano a 1911 daga Baro can bakin Kwara, kuma abin dariya Turawan auduga suka sa rai za su kwasa, sai manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi kuma ko ba a saya ba ka ci abarka, sai kowa ya koma gyaɗa. Su Alhassan Ɗantata nan suka shigo harkar.

Abin da mutane ba sa lura da shi, dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita a hoto, jiran jirgi take yi fa. Gyaɗa tana shigowa a kan raƙuma da jakuna da motoci cikin 'yan watannin kaka, tarago kuma ba su isa su kwashe ba, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da aka yi ƙarancin kawunan jirgi, to sai a tara buhuna a yi dala a lulluɓe da tamfol. Wata dalar sai ta zagayo shekara ba a taɓa ta ba har ƙwari su shiga. Kawu yana cewa a filin kaya ba dare ba rana, ana turo tarago ana haɗawa kana jin ƙarar ƙarfe tun daga gida, lebura da buhu a ka suna hawa suna sauka da waƙa. Jirgi ya tafi Ikko da gyaɗa da fatu da shanu, ya dawo da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Sabon Gari kanta ai jirgi ne ya haife ta.

Mai Faɗin Gaskiya:
Iyayena ku gafarce ni amma ni fa wannan begen nan bai cika kama ni ba. Ku tambayi yadda aka shimfiɗa dogon tukun, aikin diga ne, hakimai ake rubuta wa adadin mutane su kawo ko suna so ko ba sa so, a raba mutum da gonarsa. Kuma ku ɗauki taswira ku duba, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk inda layi ya nufa gyaɗa ko auduga ko kuza ya je ɗaukowa, kuma duka bakin teku suke gangarawa. Sakkwato fa? Katsina fa? Babu wanda ya ja musu a wancan zamanin. Maiduguri ma sai 1964 jirgi ya shiga, bayan 'yancin kai. Ba don ziyarar dangi aka yi mana shi ba.

Tsohon Malami:
Ba ka yi ƙarya ba ɗana, aikin tilas an yi shi kuma don kaya aka yi layin. Sai dai ka haɗa da cewa talaka ya ci moriyarsa fiye da yadda masu shi suka nufa, fataken goro da a da sai su yi watanni a hanya suka koma kwanaki, garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Kafanchan a bakin dogo suka yi ƙiba. Ma'aikatan reluwe ɗin nan kuma su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu.

Ni abin da ya fi ci min rai bayan 'yanci ne. Yaƙin basasa daga 1967 ya yanke kwal ɗin Inugu ya ƙara tura mu ga dizal, wannan ba laifi ba ne, duniya duka ta bar tururi. Amma fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, kuɗin mai ya shigo aka koma gina tituna, tireloli suka kwashe kayan, dogo kuma aka bar shi da lanƙwasarsa ta zamanin Turawa ba a taɓa miƙar da shi ba. Har Indiyawa aka ɗauko a 1979 su riƙe, ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma gidan jiya.

'Yar Loko:
Malam a kan dizal ɗin nan babanmu bai taɓa yarda da ku ba har ya bar duniya, cewa yake na kwal in ya lalace a daji da guduma da sifana za a lallaɓa shi ya kai tasha, na dizal kuwa sai a zauna jiran kayan gyara daga ƙasar waje. Ina 'yan Nguru da Malam Madori ne? Ku fito ku ba mu naku, don a da ta layinku busasshen kifi da ƙaro suke zuwa kuma har yanzu ba wanda ya ce komai a kai.