Wace kalma za mu ba "upwelling" da Hausa?

Mai fassarar labarai: Assalamu alaikum malamai. Duk shekara idan Yuli ya kama, rahotannin kamun kifi daga Ghana da Kwaddibuwa ba sa rabuwa da kalmar upwelling. Wasu na fassara ta da "tumbatsar teku", wasu "ɓuɓɓugar teku". Wacce ta fi dacewa, ko kuwa da sauran nema?

Malamin kimiyyar teku: Wa alaikumus salam Malama. A fara sanin abin tukuna, sannan a raɗa masa suna. Ruwan teku hawa-hawa ne: na sama rana ta ɗumama shi, ba shi da nauyi, kuma ƙananan tsirran da ido ba ya gani sun riga sun cinye abincin da ke cikinsa. Na ƙasa kuwa sanyi gare shi, ga nauyi, kuma duk abin da ya mutu ya nutse a can yake ruɓewa, shi ya sa yake cike da naitiret da fosfet, irin sinadaran da ke cikin takin zamani. Idan iska ta daɗe tana kaɗawa a jere da gaɓa, juyawar duniya kan sa ruwan sama ya kauce wa hanyar iskar, zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudu. Inda kaucewar ta nufi tsakiyar teku, sai ruwan ƙasa daga zurfin mita 50 zuwa 200 ya hau ya cike gurbin. Da ya haɗu da hasken rana sai tsirran nan su yi yawa, ƙananan halittu su ci su, kifin sardin ya biyo baya. Haka yake a Senegal da Muritaniya, inda iskar arewa ke tura ruwa yamma.

Tumbatsa ba ta shiga nan ko kaɗan. Tumbatsa cika ce har ruwa ya haura baki, mai karatu zai ɗauka ambaliya ake nufi.

Jami'in kula da masunta: Ni ɓuɓɓuga ta fi kwanta mini, ranka ya daɗe. Kowa ya san maɓuɓɓuga, ruwa ne mai sanyi da ke fitowa daga ƙasa. Kalma ɗaya ce, ta yi wa kanun labari daidai.

Malamin kimiyyar teku: Tana da daɗin faɗi, amma za ta ɓatar da mutane. Ɓuɓɓuga ana ganinta da ido, wuri ɗaya take, da kumfa da motsi. Wannan ruwan kuwa a yini guda 'yan mitoci kawai yake hawa, a tsawon ɗaruruwan kilomita na gaɓa. Masunci na cikin kwalekwale ba zai ga komai na motsi ba. Abin da zai gani shi ne ruwan da ya saba shuɗi ya koma kore-kore, ya tsoma hannu ya ji sanyi, da asuba kuma hazo ya kwanta a kan teku. A gaɓar Ghana zafin ruwan sama kan sauka daga digiri 28 ko 29 zuwa ƙasa da 25 tsakanin Yuli da Satumba, sannan yakan sake sauka kaɗan wajen Janairu. Ga wani dalilin kuma: akwai maɓuɓɓugai na gaske a ƙasan teku masu fitar da ruwan zafi. Idan muka ba da kalmar yanzu, me za mu kira su gobe?

Mai nazarin kifin sardin: Na goyi bayan Malam. Shawarata "tasowar ruwan zurfi". Kada a ce "ruwan ƙasa", don wannan na rijiya da burtsatse ne. Kuma sunan bai ambaci iska ba, wanda hakan alheri ne, domin gaɓar Ghana daga yamma zuwa gabas ta miƙe, iska ita kaɗai ba ta isa ta bayyana abin ba. Ruwan Gini, wato kwararar ruwan teku mai bin gaɓar zuwa gabas, da motsin da ke zuwa daga tsakiyar Atlantika suna da hannu.

A gwada ta a jimla. "Tasowar ruwan zurfi ta yi rauni bana, sardin bai matso gaɓar Elmina ba, banda ta yi tsada a Kumasi da Tamale." Ta zauna. "El Nino ya danne tasowar ruwan zurfi a Peru a 1972." Nan ma ta zauna. El Nino shi ne ɗumamar ruwan saman tekun Pasifik da kan zo bayan 'yan shekaru, kuma haka aka yi: ruwan ɗumi ya yi kauri a sama, abin da ke tasowa ya zama marar abinci, ga kamun da ya wuce kima, sai kifin ancobi ya faɗo daga sama da tan miliyan 12 a 1970 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 1973.

Jami'in kula da masunta: Na janye. Amma a lura, ba kullum take zuwa da albarka ba. A Namibiya tsirran kan yi yawa su mutu su ruɓe a ƙasa, iskar shaƙa ta ƙare a ruwan, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika gari, kifi ya mutu a bakin gaɓa. Don haka kada wani ya ce "ruwan albarka" don ƙawata labari.

Mai fassarar labarai: To na ɗauka: tasowar ruwan zurfi a ambato na farko, "tasowar" a sauran labarin. Kishiyarta fa, inda iska ke tara ruwan sama a gaɓa ya yi ƙasa?

Mai nazarin kifin sardin: Nutsewar ruwan sama, Malama.