Tsohon fossil da tsohuwar zuma

Bazazzagi: Jama'a, ɗan wana da ke karatu a Ingila ya ce can idan dattijo ya kafe a kan ra'ayinsa, ya ƙi jin na yara, sai a kira shi tsohon fossil. Na ce mu nan da tsohuwar zuma ake magani. Su da mu wa ya fi gaskiya?

Malama Rakiya: Malam, kalmar ba ta fara da zagi ba. Daga Latin take, fossilis, wato abin da aka tono, tushenta fodere, haƙa. Georgius Agricola, wani likita Bajamushe, ya wallafa littafi a 1546, kuma a wurinsa duk abin da aka haƙo daga ƙasa fossil ne, ma'adinai da duwatsu masu daraja duka. Sai daga baya masana suka keɓe ta ga ragowar halittun zamanin da, irin ƙashi, ƙwanso ko sawun ganye a jikin dutse.

Ɗan Damagaram: Faransawa ma suna faɗa, vieux fossile. Malaminmu na sakandare haka yake kiran kansa idan ya manta tabarau a goshi yana nema. Amma ku je Gadoufaoua a hamadar Tenere ta Nijar, inda aka tono ƙasusuwan dinoso, wato wasu dabbobin zamanin da da suka ƙare, da na wani ƙaton kada. Masana daga Faransa da Amurka suka sha rana a kansu. Abin da ake tafiya haka dominsa ai ba abin raini ba ne.

Malama Rakiya: Ba duka Turawa ne ke kiran abin da sunan tono ba. Jamusawa suna da Versteinerung, Girkawa apolithoma, 'yan Poland skamieniałość. Duk ma'anarsu abin da ya koma dutse.

Hajiya Mai Kunu: To nan ne zagin yake, ƙanina. Ba tsufan suke zagi ba, daskarewar. Zuma ma in ta daɗe a tulu takan daskare, amma ka sa ta cikin ruwan ɗumi ta narke. Dutse fa? Karin maganarmu da tasu ba mutum ɗaya suke nufi ba.

Bazazzagi: Hajiya, kin ɗaure ni. Amma zan gaya wa yaron cewa fetur da gawayin kwal ma Turawa da wannan suna suke kiransu, kuma jirgin da ya kai shi Ingila da su ya tashi.

Ɗan Damagaram: Da fetur dai, Malam, ba da kwal ba.