Inbas a lissafi: akasi ne, juyi ne, ko warwara?

'Yan uwa masu koyar da lissafi, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar nan ta Turanci, inverse, wadda ɗalibai ke furtawa inbas. Wasu na rubuta akasi, wasu juyi. Duka biyun ba su kwanta mini a rai ba.

Ka ce wa yaro ya kawo akasin 3, zai rubuta maka −3. Ka ce masa juyi, sai ya mai da ƙasa sama, 2/3 ta koma 3/2. Dama alamar f⁻¹, ta inbas ɗin fankishin (wato function, ƙa'idar da ke karɓar lamba ta fitar da wata), na ruɗa su, suna zaton 1/f ce. Kada kalmarmu ta ƙara musu ruɗani.

Ni warwara na zaɓa. Fankishin ya ƙulla lamba, inbas ya warware ta, ta koma yadda take.

Mu gwada da f(x) = (x − 2)² + 1. Ka ba shi 5. A cire 2, saura 3. 3 sau 3, 9. A ƙara 1, ga 10. Warwara daga ƙullin ƙarshe take farawa. A cire 1 daga 10, saura 9. Sai a tambaya: wace lamba aka ninka da kanta ta ba da 9? To, a nan gizo ke saƙar. 3 ce ko −3? In an ƙara 2, ta farko ta mai da kai 5, ta biyu ta kai ka −1, kuma ita ma −1 ɗin 10 take bayarwa. Warwarar da ke fitar da amsa biyu ba ta zama fankishin ba.

Shi ya sa ake yi wa x iyaka tun farko. Zanen f, wato graph, yana yin kwana a x = 2, sai a ɗauki ɓangare guda. In an ce x ≥ 2, warwarar ita ce 2 + √(x − 1). In an ce x ≤ 2, sai ta zama 2 − √(x − 1). Dukansu daga 1 zuwa sama suke karɓar lamba.

Wannan iyakar ma tana son suna. Lambobin da fankishin ke karɓa, wato domain, ina kiransu fage, wanda aka yi wa iyaka kuma ƙayyadadden fage. Wani malami ya ce mini yanki ya fi, amma ina tsoron yara su haɗa shi da yankin zane.

Wanda ya gwada warwara ko fage a aji, don Allah ya gaya mana yadda yara suka karɓe su.