Agwagwar unguwa ta 13 da rigimar araha

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da ƙorafi. Ranar Asabar na kai surukina, wanda ya zo daga gida ganin likita, wani gidan abinci mai araha a unguwa ta 13 a nan Paris, can wajen titin Choisy, wanda ya rubuta a ƙofarsa cewa yana haɗa girkin Faransa da na Sin. Abincin rana Yuro 16 ne kowane mutum. Aka kawo mana ƙirjin agwagwa da romon lemon zaƙi irin na Faransawa, an ɗora shi a kan taliyar da aka soya da citta da tafarnuwa da ruwan waken soya, sai da muka yi nisa da ci na tambaya, mai hidimar ya ce ai an zuba giya a romon tun yana kan wuta. Surukina ya ajiye cokali, bai ƙara ɗauka ba. Maganata ita ce, wannan haɗin da ake yayatawa ba girki ba ne, dabara ce ta sayar da ragowar kicin biyu a faranti ɗaya, domin man shanu da ruwan waken soya ba su taɓa zama lafiya a tukunya guda ba.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Ƙanena, Allah ya ba surukinka lafiya. Amma kafin a kai ga tukunya, ina roƙonka ka janye kalmar araha. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wannan canjin ba ya motsi, saboda haka farantinka ɗaya ya tashi kusan jika goma da rabi, ku biyu kuwa jika ashirin da ɗaya. Wanda ya kira wannan araha ya manta inda ya fito.

Bakatsine: Hajiya, da dukkan girmamawa, ba a auna farashin Paris da mudun kasuwar Maraɗi. A ƙasar nan kuɗin da ke rubuce a takardar abinci ya riga ya ƙunshi haraji da ladan mai hidima, burodi da ruwan famfo kuma suna biyo abincin ba tare da an ƙara ko sisi ba, har ma tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su sanar a fili cewa ana iya neman ruwan sha kyauta. Mutum ya zauna a kujera, a kawo masa agwagwa, ya tashi a kan Yuro 16, ni dai a wurina araha ce.

Ɗalibar Tawa: Yaya Bakatsine, a wurinka mai albashi ke nan. Mu da muka saba cin abinci a kantin jami'a a kan Yuro 3.30 a shekarun baya, kuɗin farantin nan ya kusa ciyar da mu sau biyar.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Na kuma lura cewa Alhaji Bakatsine bai juya mana kuɗin zuwa naira ba, kuma ina jin ya san dalili.

Bakatsine: Hajiya, nairarmu ko ta faɗi ko ta tashi tamu ce, ba a ɗaure ta a ƙugun kuɗin kowa ba. Ban so a kai nan ba, ke kika fara.

Baba Na Agadas: 'Ya'yana, ku bar naira da sefa su huta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaron nan ya ce girkin Sin kai tsaye don kawai ya ga unguwa ta 13. Waɗanda suka cika unguwar bayan 1975 yawancinsu 'yan gudun hijira ne daga Biyetnam da Kambodiya da Laos, ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, ko da yake da yawa daga cikinsu asalin kakanninsu Sinawa ne. Iyalin da suka kafa Tang Frères a 1976, masu babban kanti a titin Ivry, daga Laos suka zo. Mutanen da suka tashi suna cin dogon burodin Faransawa da safe, da rana su ci taliya, ba sai sun tattaro ragowar kowa ba kafin su haɗa girki biyu. Hatta nem, soyayyen naɗin nan mai nama da kayan lambu a ciki da ake sayarwa a titunan Dakar, matan Biyetnam da sojojin Senegal suka auro a lokacin yaƙin da ya ƙare a 1954 ne suka kai shi can.

Ɗalibar Tawa: Baba, ka gafarce ni, amma a duk gidan abincin Sinawan da na shiga a nan akwai nem, don haka ni na Sin na ɗauke shi.

Baba Na Agadas: Samunsa a shagon mutum ba ya mayar da shi na kakansa, 'yata.

Malam Bakano: Ina mamakin zauren nan. Bawan Allah ya ce an ciyar da dattijo abin da aka dafa da giya, ku kuna lissafin canji. Wannan matsala daga ɓangarorin biyu take zuwa, domin Faransawa suna tsane kaskon nama da giyar inabi su yi romo da ita, Sinawa kuma suna jiƙa nama da giyar shinkafa ta Shaoxing, ga man alade da yake shiga wasu soye-soyen. Abubuwa 14 masu jawo borin jini ne dokar Turai ta tilasta a bayyana, alade kuwa ba ya cikinsu, ita ma giyar ba a lissafa ta da sunanta ba, saboda haka wanda bai tambaya ba, ba lallai a gaya masa ba. Ban da wannan, ita kanta agwagwar wa ya yanka ta?

Bakatsine: Malam, ai wuta tana ƙone giyar.

Malam Bakano: Tana rage ta dai, ba ta ƙarar da ita, kuma ko ta ƙarar, hukuncin ba a bakin mai dafuwa yake ba.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Kun ga abin da nake faɗa. An biya jika ashirin da ɗaya, dattijo ya tashi da yunwa, a ce mini araha.

Bakatsine: Hajiya, idan kina son ki san tsada, ki tambayi kuɗin zama a gidan abincin Yam'Tcha, wanda Adeline Grattard ta buɗe a Paris a 2009 bayan ta yi aiki a Hong Kong, ta kuma samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2010 da wannan haɗin da ƙaninmu yake kira ragowa. A gefen wancan, Yuro 16 kyauta ce.

Ɗan Damagaram: Yayyena, ni fa ɗanɗano na kawo ƙara.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Araha ka rubuta, ƙanena, da idona na karanta, kuma da ma an ce araha ba ta ado.

Bakatsine: To ga shi da bakinki kin kira ta araha, Hajiya. A matsayina na mai kula da zaure zan rufe maganar nan, tun da dare ya yi. Abin da aka cimma shi ne, mafi yawan waɗanda suka san rayuwar Paris sun yarda cewa Yuro 16 farashi ne mai sauƙi, hujjar juya kuɗi zuwa sefa kuwa ba ta samu karɓuwa ba. An tabbatar da cewa haɗin girkin Faransa da na Sin yana da asali, kamar yadda na nuna da misalin tauraron Michelin, Baba ma ya ƙara ɗan bayani. Batun giya Malam ya yi tsokaci a kai, kowa ya riƙa tambaya kafin ya ci. Shi kuma ƙaninmu na Damagaram ya turo mini sunan wurin ta gefe, domin ina da baƙi ranar Juma'a.