Dan Allah wa ya san asalin wannan tsohuwar motar? Babu suna, babu takarda

Magajin_Kawu:

Assalamu alaikum jama'a. Wata mota ce ta ɗaure min kai, nace bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa ganin irinta. Cikin kayan da marigayi kawuna ya bari aka sameta, a lulluɓe da tamfol a ƙarshen gareji, ni dai tun ina yaro nake ganin tudun abin amma bai taɓa bari mun ɗaga ba, kuma duk takardun da muka bincika babu ko ɗaya da ta ambaceta.

Ga yadda take. Ƴar ƙarama ce sosai, kujera biyu, babu rufi, gajeriya har in ka tsaya kusa da ita bonet ɗin da kaɗan ya wuce gwiwarka. Hancin dogo, bakin gaba kamar na kifi, fitilun sun ɗan shige ciki. Fentin ja ne amma inda ya ɓare ana ganin kore a ƙasa. Sitiyari a dama yake. Akwai wani ɗan tambari mai hoton doki a hanci, shi ne ma ya jawo ƙanina tun jiya yake ta lissafin kuɗi wai Ferrari ce, har ya fara zaɓen gidan da zai saya.

Na ɗora mayen ƙarfe a jikin bodin, bai kama ba ko kaɗan, sai dai a ƙasa wajen shasi ya kama. Injin a gaba yake, filogi huɗu a jere a tsaye a saman tof silinda, shi kuma tof ɗin shafal yake kamar faranti, babu wannan murfin mai tudu da muka saba gani. Kafireto biyu ƙanana. Giya uku da ribas. A gaba sifirin ɗaya ne irin mai falle-falle ɗin nan, amma a gicciye yake daga taya zuwa taya maimakon ya bi tsawon mota. Na nemi lambar shasi ɗin nan mai harufa 17 har na gaji ban gani ba. Dan Allah masana a taimaka, wa ya ƙerata, a ina, kuma wace shekara?

Sarkin_Gudu:

Allah ya jiƙan kawu. Kai ɗan'uwa ja, doki a hanci, kujera biyu, me kuma kake jira? Ka rufe gareji da kwaɗo biyu kawai kar ka ƙara nuna wa kowa hhhh. In an sayar a tuna da mu.

Mai_Son_Italiya:

Allah ya gafarta masa. Ferrari kam ba ita ba ce, a cire wannan. Sun yi masu silinda huɗu, irin su 500 Mondial da 750 Monza, amma injinsu ƙato ne mai kamshaf biyu a sama, ba wanda zai kalle shi yace faranti. Tambari kuwa ko a keke kana iya manna shi.

Amma ni ban fidda rai da Italiya ba. Bayan yaƙin duniya na biyu akwai ƙananan maƙera birjik a can da suke ɗaukar kayan Fiat su haɗa motar tsere, Stanguellini a Modena, Siata da Nardi da Moretti a Turin, Bandini a Forli, Ermini a Florence, har laƙabi aka yi musu wai etceterini, wato su "da sauransu". Su ne suke cika ƙananan ajin Mille Miglia, wani shahararren tseren motoci na Italiya, kafin a daina shi a 1957. Bodin kuma da hannu ake buga shi da alminiyom a kan ƙashin bututu, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak, kuma kaga mayen ƙarfe ba zai kama alminiyom ba. Sannan Fiat 500 Topolino ta farko, ta 1936, injinta 569cc mai bawul a gefe ne, kansa shafal kamar yadda ka faɗa, kuma ita ma sifirin ɗin gabanta a gicciye yake. Kar wani yace min sitiyarin dama ya nuna Ingila, motocin tseren Italiya da yawa na lokacin a dama suke, har Ferrari ɗin kanta.

Ka duba mitocin dashbod, in ka ga Veglia ko fitilu Carello ko kafireto Weber, duk kayan Italiya ne, to magana ta fara ƙarfi. Lambar 17 kuwa daina wahalar da kanka, sai 1981 aka fara aiki da wannan tsarin, motarka ta girme shi nesa.

Tsohon_Bakanike:

Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta. Yaro ka yi bayani mai kyau, da kowa haka yake tambaya da an huta. Malam Mai_Son_Italiya ya yi ƙoƙari amma akwai abu ɗaya da ya tsallake, giya UKU. Topolino giya huɗu gareta, Fiat 1100 ma huɗu, kuma ba mai haɗa motar tsere a Italiya da zai koma giya uku. Sannan a Topolino lagireto a bayan inji yake, da ka gani da shi za ka fara faɗa mana don abin mamaki ne.

Ni abinda nake gani tun daga nan, ƙasan motar nan Ford ce ta Ingila, irin masu tsayin nan, Anglia ko Prefect ko Popular 103E wadda aka yi daga 1953 zuwa 1959. Injin Prefect da Popular 1172cc mai bawul a gefe, ƙarfin doki 30 kacal, giya uku, sifirin a gicciye gaba da baya. Duk abinda ka lissafa ya hau.

Yadda abin yake, a shekarun 1950 saurayi a Ingila yana son motar gudu amma aljihu babu, Jaguar ta fi ƙarfinsa, MG ma haka. Su kuma tsofaffin Ford ɗin nan bodinsu tsatsa ta cinye amma shasi da inji garau, ana samunsu a ɓagas. To sai ga faiba ta shigo, wato zaren gilas da ake jiƙawa da wani danƙo a shimfiɗa a cikin mazubi ya bushe, ba sai kana da injin matse ƙarfe ba, mutum biyu a rumfa sun isa su buɗe kamfani. Sai ka sayi ƙoƙon bodi kawai, ka kwance na Ford ka yar, ka ɗora wannan a kai ka ɗaure, kujeru da wayarin da fitilu duk kai za ka nemo. Ga kuma haraji, sabuwar mota akwai harajin saye mai nauyi a kanta, amma in kayan ka saya ka haɗa da hannunka babu, haka aka yi ta yi har 1973 da aka kawo VAT. Masu yin ƙoƙon suna da yawa, Ashley, Falcon, Rochdale, Tornado, Microplas, AKS, kuma kusan dukkansu siffar motocin tseren Italiya da Jaguar suke kwaikwayo, shi ya sa ƙaninka ya ruɗe, ba laifinsa ba ne, dama don a ruɗa mutane aka yi su.

Mayen ƙarfe ba ya raba gardamar nan don faiba ma ba ya kama ta. Ga aikin da zan baka. Ka kwanta a ƙasa da tocila ka leƙa cikin mazaunin taya, in ka ga zare-zare kamar tabarmar da aka shafa wa danƙo to faiba ce, in kuwa ka ga santsi da sawun guduma da layin walda to alminiyom ne, sai in ba Malam haƙuri. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, Topolino mita 2 ce cif, Anglia da Popular inci 90, Prefect inci 94. Ka duba birki, bututun mai ne ke zuwa taya ko sandunan ƙarfe, don Ford ɗin nan sanda ce ke jan birkinsu, Fiat kuwa na mai ne. Sannan ka ɗauki sifana 10 da 13 ka gwada notina, in suna ta zamewa ba mai zama daidai to ba awon milimita aka yi aiki da shi ba. Kar ka kankare fenti, kar kuma ka yi gigin tada injin, wanda ya shekara da shekaru a kwance sai an zuba mai ta ramin filogi an juya shi da hannu tukuna.

Magajin_Kawu:

Baba Allah ya saka da alheri, wlh kamar kana wajen. Na shiga ƙasa na fito duk jikina yanar gizo-gizo. Zare-zare ne a ciki, har wani waje ya yi kauri wani waje in ka haska tocila hasken na fitowa ta ɗaya gefen. Awo ya bani santimita 229 ko kusa da haka. Birki sanduna ne. Mitoci an rubuta Smiths, dainamo Lucas, kafireto SU, kuma da na goge saman tof silindan da fetur sai ga rubutu ya fito AQUAPLANE, shi ba ƙarfe ba ne ma don mayen bai kama shi ba. Lambar da ke jikin inji ta fara da C. Tambarin dokin kuwa da na taɓa shi da farce sai ya faɗo, ashe da gam aka liƙa, a ƙasansa babu komai sai ramuka biyu da aka toshe. Ƙanina ya daina min magana.

Mai_Son_Italiya:

To na sallama, Baba ya fi ni gaskiya. Santimita 229 ai inci 90 kenan. Amma dai ka ji tausayin ƙanin nan.

Tsohon_Bakanike:

Madalla. C ɗin nan na injin 1172 ne, ƙaramin mai 933cc da Y yake farawa. Aquaplane kuma kamfani ne da ya yi suna wajen kayan ƙara wa wannan injin ƙarfi, tof na alminiyom da mazaunin kafireto biyu, to wanda ya haɗa motar nan ya kashe mata kuɗi, ba ɗan dagaji ba ne. Ka duba ko ya sa mata famfon ruwa, don asalin injin ba shi da shi, ruwan zafi ne ke hawa da kansa zuwa dogon lagireto, in aka sa gajeren hanci dole a ƙara famfo ko ta dinga tafasa. Ka kuma duba aksil ɗin gaba ko an raba shi biyu a tsakiya, wannan dabarar wani injiniya Leslie Ballamy ce, masu haɗa irin motocin nan suna sonta sosai. Kuma kar ka raina injin, shi Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya yi ta sawa a Lotus Mark VI.

Saura sanin ƙoƙon na wane ne, nan ne aikin yake. Ashley da Falcon sukan rikita mutane saboda tushensu ɗaya, Peter Pellandine yana cikin waɗanda suka kafa Ashley a 1955 sannan ya fita ya buɗe Falcon ya tafi da wasu mazuban. Rochdale GT ta 1957 mai rufi ce, to ba ita ba, sai dai ko wata buɗaɗɗiyar tasu. Kuma masu haɗawa suna yanka yadda suka ga dama, wani ya canja baki, wani ya sa fitilun wata motar, don haka kar ka dogara da baki ko fitila. Layin gefe za ka kalla, da yanayin ƙofa, da inda bonet ya yanke, ko shi kaɗai yake buɗewa ko duk gaban ne ke ɗagawa gaba ɗaya. Ramukan nan biyu ka auna tazararsu, wataƙila mazaunin tambarin asali ne.

Shekara kuma biyu za ka nema, ta shasi da ta bodi, kuma suna iya yin nisa da juna da shekara goma ko fiye. Kayan Lucas ana buga musu wata da shekara a jiki, ƴan lambobi kamar 6 58, ka duba dainamo da kik da injin waifa, in aka samu biyu uku sun taru a shekara ɗaya to wajen nan aka haɗa ta. Daga 1958 da Austin-Healey Sprite ta fito, ga Mini a 1959, sababbin ƙananan motoci masu araha, kasuwar ƙoƙon nan ta fara mutuwa, don haka da wuya ta wuce farkon shekarun 1960. Ka ɗauki hoto daga gefe sak, kana tsugune daidai tsayin taya, da na gaba da na baya da na ƙarƙashi, ka tura wa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na Ingila, Ford Sidevalve Owners Club da Fairthorpe Sports Car Club, su na biyun suna da rajistar irin waɗannan motocin, akwai dattawan da kallo ɗaya za su yi su faɗa maka.

Magajin_Kawu:

Na gode Baba. Duk gaban ne ke ɗagawa gaba ɗaya har da fitilu, kuma akwai famfon ruwa. Dainamon ya yi baƙi ƙirin ban iya karanta lambar ba, na jiƙa shi da kananzir zuwa gobe. Kik ɗin kuma sai na samo jak kafin hannuna ya kai.