Da gaske zink na taimaka wa yaro mai sikila?

Maman Abba, Garwa:
Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara bakwai mai sikila ne, SS. Da hunturu ya kama sai ciwon ƙashi ya tashi, mu kwana ba barci ina gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi. Girma ma ya ƙi, ƙaninsa ya kusa kamo shi a tsayi. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi ƙwayar zink, irin wadda ake haɗawa da ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa. Don Allah masu sani, in saya?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Maganar tana da tushe. Tun shekarun 1970 Dakta Ananda Prasad a Amurka ya nuna masu sikila da yawa suna da ƙarancin zink, domin yana zubewa ta fitsari. A 2002 wani bincike a Filadelfiya ya ga yaran da aka ba su miligiram 10 kullum sun ƙara tsayi. Amma da aka gwada wannan adadin a Jinja ta Yuganda kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, bai rage musu cututtuka masu tsanani ba. Don haka kada ki saya ki yi ta ba shi da kanki. Zink in ya yi yawa yana hana jiki shan sinadarin jan ƙarfe, jinin ya ƙara raguwa. Ki tambayi likitansa, shi zai yanke adadi da tsawon lokaci.

Baffa, Kusiri:
'Yata, ni abin da ke damuna shi ne maganin ƙarin jini da ake saye a kanti. Jikata an sha ƙara mata jini a Njamena, likita ya hana mu ba ta mai sinadarin ƙarfe, ya ce ƙarfen taruwa yake a hanta da zuciya. Ki duba kwalin kowane sirof kafin ya sha.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Gaskiya ne Baffa. Kafin ki ga likita, Maman Abba, ki dage da nama, kifin Lagdo, wake da gyaɗa. Geron kunu kuma ki jiƙa shi ya kwana ya yi tsami, jiki ya fi shan zink ɗinsa. Folik asid, gidan sauro da ruwa mai yawa kada su yanke.

Maman Abba, Garwa:
Na gode, Allah ya saka. Ranar Litinin muke da ganin likita, zan tambaye shi.