Landan zuwa Tokyo: me ya sa awannin zuwa da na dawowa suka bambanta?

Ummu Hafsat: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena zai tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na Haneda a Tokyo wata mai zuwa. Tikitinsa ya nuna zuwa kusan awa 14, dawowa kuma ta ɗara hakan. Ni kuwa na ga tazarar kilomita wajen 9,600 ce ko ta ina. Don Allah waɗanda suka taɓa bin hanyar ku faɗa mana abin da kuka gani.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni na bi ta kafin 2022, lokacin jirage na ratsawa ta saman Siberiya, awa 12 ko ƙasa da haka kaɗan mun sauka. Da yaƙin Yukren ya ɓarke, Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai, na Japan ma suka kauce. Wannan 9,600 da kika gani miƙaƙƙiyar hanya ce, ba ita jirgin yake bi yanzu ba. Bara da na koma, ta Turkiyya muka bi, muka ratsa tsakiyar Asiya da Sin. Jikina ya gaya mini kuwa.

Injiniya Musa: Gaskiya ne, Alhaji. Sai kuma iska. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai nufar gabas tana tura shi, mai dawowa kuwa sai ya yi kokawa da ita. A watan Fabrairun 2020 ta kai wani jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a awa 6 zuwa 7.

Zainab A.: Yaya Hafsat, ni dawowa ce ta ba ni mamaki. Mun tashi daga Tokyo za mu Landan, sai na ga a ɗan allon da ke bayan kujera jirgin ya nufi arewa maso gabas, wajen Alaska. Hankalina ya tashi ƙwarai, har na kira ma'aikaciyar jirgi. Ta ce haka suke bi, ta can ƙarshen arewacin duniya, su sauko ta Girinlan. Da na ɗaga murfin taga, ƙanƙara ce fara fat har iya ganin ido. Mun haura awa 14 a sama. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, don haka ƙanenki ya riƙa miƙewa yana zagayawa, ya kuma sha ruwa sosai.

Alhaji Bala: Ki kuma tuna masa agogo. Tokyo na gaba da Landan da awa 9 a lokacin sanyi, awa 8 a lokacin zafi. Idan akwai wani jirgin da zai kama bayan ya sauka, ya bar isasshen lokaci a tsakani, kada ya ƙure.

Ummu Hafsat: Na gode, Baba Alhaji, Allah ya saka muku da alheri. Zan ce ya nemi kujerar bakin hanya tun yanzu.